Halwa Ba Ta da Allo a Bakin Hanya

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya ratsa Ɗambatta da Kazaure, ya bi ta Achilafiya ya nufi Daura, idonsa ba zai rasa abin karantawa a gefen titi ba. Ga allunan makarantun Islamiyya, ga na shagunan magani, ga na ofisoshin jam'iyyu waɗanda fentinsu ya koɗe tun zaɓen da ya wuce. Abu guda ne ba zai ci karo da shi a rubuce ba, wato allon da ke cewa a nan ake shiga halwa. Idan ya ɗauki rashin allon a matsayin rashin abin, sai ya koma gida da hukuncin cewa mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ba su san keɓewa domin gyaran zuciya ba, sai dai su ji labarinta daga Indiya ko Turai. Hukuncin kuskure ne. Abin damuwar shi ne fagen nazarin Hausa bai tanadi isassun hujjojin da zai warware shi da su ba.

A wasu sassan duniya keɓewa ta daɗe da zama cibiya mai adireshi. A garin Igatpuri na ƙasar Indiya akwai Dhamma Giri, wadda S. N. Goenka ya buɗe a 1976, inda baƙo kan miƙa wayarsa da littattafansa tun daga ƙofa, ya shafe kwana goma, tara daga ciki ba ya ce wa abokan zamansa uffan. A kudu maso yammacin Faransa akwai Plum Village, wadda Thich Nhat Hanh, malamin addinin Buddha ɗan ƙasar Biyetnam, ya kafa a 1982. A 1979 kuma Jon Kabat-Zinn ya tuɓe wa irin wannan horo rigar addini a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, ya mayar da shi shirin mako takwas na rage damuwa ga majiyyata. Ko a Nijeriya akwai sansanin cocin Redeemed a kan hanyar Legas zuwa Ibadan, da duwatsun addu'a na ƙasar Yarabawa. Dukkansu suna da ƙofa da jadawali, kuma baƙo ya san inda zai dosa. Labarinsu yana isowa wayoyin matasan Hausawa, masu fassara kuma kan kira abin da ake yi a cikinsu "zuzzurfan tunani" ko "bimbini". Daga nan sai tambaya ta taso, wadda ba ta rasa ma'ana ba: me zai hana a gina irinsu a ƙasar Hausa, ko a gyara wuraren ziyara su zama haka, baƙi su zo, gari ya samu kuɗin shiga?

Kafin a kai ga aza tubali, ya kamata a san abin da ke ƙasa. Halwa, kamar yadda malaman zaure suka gaje ta, keɓewa ce ta kwanaki ƙidayayyu, uku ko bakwai ko arba'in, a ɗaki ƙarami mai ƙarancin haske, cikin tsarki da azumi da shiru da zikirin da shehi ya ƙayyade. Adadin arba'in ana danganta shi da dararen da Annabi Musa ya yi yana ganawa da Ubangijinsa, talatin da aka cika da goma, asalin keɓewar kuwa ana mayar da shi ga kogon Hira. Suhrawardi, wanda ya rasu a 1234, ya ware babuka a Awariful Ma'arif domin halwar arba'in, Gazali kuma ya ware littafi guda a cikin Ihya domin ladubban nisantar jama'a. Abin lura a cikin waɗannan rubuce-rubuce shi ne ɗakin kansa ba ya cin layuka da yawa. Nauyin maganar yana kan izini, da wanda zai riƙa leƙo mai halwa, da wajabcin gaya wa shehi duk abin da aka gani ko aka ji, da gargaɗin kada a ruɗu da mafarki ko haske ko murya, da fita sallar Juma'a. Wato halwa dangantaka ce tsakanin mutum biyu kafin ta zama wuri. Shi ya sa kowane ɗaki a bayan zaure, ko bukkar kara a gefen gona, yake iya zama ɗakin halwa yau, gobe ya koma ma'ajiyar gero. Abin da ba shi da mazauni na dindindin ba a kafa masa allo.

Kalmar ma kanta tana da ƙafafu da yawa. A fiƙihu halwa ita ce keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba, abin da aka hana. A Sudan sunan makarantar allo ke nan. A bakin mutanen birni kuwa ta fi karkata ga aikin malamin tsibbu da aka biya ya kulle kansa domin buƙatar ɗan kasuwa ko ɗan takara. Ƙamus, bisa ɗabi'arsa, layi ɗaya ko biyu yake bai wa kalma, don haka ba a nan za a warware wannan sarƙaƙiya ba.

Ba kuma dukkan sufaye ne suka yi ittifaƙi a kanta ba, wannan ma yana cikin abin da ya sa batun ya cancanci nazari. Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ya fara ratsawa ta ɗariƙar Halwatiyya, wadda sunanta ma daga halwa aka ciro shi, amma abin da aka ruwaito a Jawahirul Ma'ani shi ne an umurce shi da ya riƙi tafarkinsa ba tare da halwa ko ƙaurace wa mutane ba. Saboda haka Batijjane yake samun rabonsa na natsuwa a lazimin safe da yamma, da wazifa a cikin jama'a, da zikirin yammacin Juma'a, yana nan a kasuwarsa ko gonarsa. Duk da haka Alhaji Umaru Futi, wanda ya yi shekaru a Sakkwato tare da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kafin rasuwar Bello a 1837, ya yi bayanin halwa da sharuɗɗanta a littafinsa Rimahu. Da failar Shehu Ibrahim Inyass ta iso Kano, bayan haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, sai tarbiyya ta zama kalmar da ta fi yawo a zawiyoyi: muridi ya karɓi zikiri daga muƙaddami, ya riƙa komowa yana faɗin halin da yake ciki, ba lallai sai an kulle shi a ɗaki ba. Ta yaya waɗannan fahimtoci suka zauna tare a zawiyar ƙauye guda, a hannun muƙaddamin da ya karanci Rimahu kuma ya yi tarbiyya? Amsar tana bakin dattawa, ba ta cikin kundi.

Akwai wani sharaɗi da ya fi sauran muhimmanci ga wannan muhawara, shi ne fitowa. Gazali ya bar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095, ya yi shekaru yana keɓe a Dimashƙa da Ƙudus da garinsu, amma daga baya ya koma koyarwa. A nan gida, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya janye daga rundunar jihadi wajen 1807, ransa a ɓace da son duniyar da ya ga ya fara shiga jama'a, da niyyar wucewa gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan tsarin mulki, sannan ya juya ya koma. Janyewar da ta fara da ƙosawa da mutane ta ƙare da littafin yadda za a shugabance su. A wannan al'ada ba a auna keɓewa da daɗin da mai yin ta ya ji. Ana auna ta da abin da maƙwabta suka gani a halinsa bayan ya fito: ko fushinsa ya ragu, ko mudunsa ya cika, ko harshensa ya bar naman mutane. Cibiyar da baƙo zai zo daga nesa ya biya, ya huta, ya tafi inda ba wanda ya san abin da ya shiga nema, ta yanke wannan igiya tun daga tushe.

Halwar sufaye ba ita kaɗai ba ce. Tsangaya tana da kiskadi, inda gardawa kan fice bayan gari su rarrabu a gindin itatuwa, kowa da allonsa, nesa da hayaniya, domin tilawa ta zauna. Ƙasa irin ta Kazaure da Roni, mai duwatsu da kwazazzabai, ba ta rasa irin waɗannan maɓoya ba, sai dai gonaki da filayen gini suna cinye bayan gari shekara bayan shekara. Tarihin Kano ma ya adana labarin Barbushe, wanda yake zaune a kan Dala, ya shiga wurin Tsumburbura shi kaɗai, ya fito ya faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Ba a ce nan ne asalin halwa ba, asalinta sananne ne a Musulunci. Abin da labarin yake nunawa kawai shi ne kunnen Bahaushe ya saba tun tuni da zancen mutumin da ya ɓace wa idon jama'a ya dawo da wani abu a hannu.

Keɓewar da ta fi kowace yaɗuwa a yau kuwa ita ce i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan. A mazhabar Malikiyya ba ya inganta sai a masallaci, kuma sai da azumi. A nan ne ɗan ɗariƙa da ɗan Izala suke haɗuwa ba gardama, a nan ne kuma tsarin cibiya ya riga ya kunno kai ba tare da an kira shi da sunan ba, domin manyan masallatai da dama sukan yi rajistar masu shiga saboda tsaro da ƙarancin wuri. Wanda ke neman ganin yadda keɓewa take sauyawa idan ta samu rajista da cunkoso, ga fili nan. Zai tarar da sahu-sahun katifu, da kulolin abinci masu shigowa daga gida, da layin masu jiran wurin cajin waya. Mutanen Igatpuri sun gano cewa wayar ce farkon abin da za a karɓe. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaure sun yi bayanin fitar mai i'itikafi domin biyan buƙata dalla-dalla, amma an rubuta su ne a zamanin da kasuwa ba ta iya biyo mutum cikin aljihu.

Sai ziyara, wadda masu maganar yawon buɗe ido suka fi hange, kuma suka fi rikita ta da halwa. Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Sakkwato, da kabarin Bello a Wurno, da na Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani a Katsina, da Maukibin Ƙadiriyya wanda ke tashi daga gidan Shehu Nasiru Kabara a watan Rabi'us Sani da bandiri da tutoci, da motocin da ke ɗibar masoya zuwa Kaulaha a Senigal: duk waɗannan motsi ne da taro da sauti. Mai ziyara yana neman albarka a cikin jama'a, mai halwa yana guje wa jama'a na ɗan lokaci. Ziyara tana da wuri tabbatacce, saboda haka tana iya ɗaukar masauki da rumfar 'yan tsaraba, ta ma daɗe da ɗauka. Ita ce kuma aka fi jayayya a kanta, musamman tun kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, inda masu suka ke kafa hujja da hadisin da ya taƙaita ɗaura niyyar tafiyar ibada ga masallatai uku, na Makka da Madina da Ƙudus, masu yi kuma suke fassara shi ta wata fuskar. Manazarcin al'ada ba alƙalin wannan shari'a ba ne. Amma ƙurar da ta tashi a kan ziyara ta rufe halwa, har ya zama duk wanda ya ɗauko zancen keɓewa sai a fara tambayar wane ɓangare yake.

A nan ne laifin fagen nazari yake. Manyan ayyukan da aka yi a kan ɗariƙu, irin na John Paden a 1973 da na Roman Loimeier a 1997, sun bi sawun shehunai ne a birane, da alaƙarsu da sarauta da jam'iyyu. Tambayoyinsu na siyasa ne, kuma sun amsa su gwargwado. A sassan Hausa na jami'o'i kuwa halwa ta fi shigowa ta ƙofar magani, kamar a binciken Aliyu Muhammad Bunza na 1995 a kan ayyukan malaman tsibbu. Wannan ƙofa ce ta gaskiya, domin halwar neman rauhanai da hatimi da laƙani tana nan, da ƙa'idojinta na ƙaurace wa nama da duk abin da ya fito daga mai rai. Sai dai idan ta zama ita kaɗai ce ƙofar, ɗalibi zai tashi da fahimtar cewa Bahaushe ba ya rufe ɗaki sai in yana neman wani abu a hannun aljani. Manomin da ya gama girbi ya nemi izinin malaminsa ya keɓe kwana bakwai domin zuciyarsa ta yi masa nauyi, shi ba shehi ba, ba mai tsibbu ba, ba shi da babi a kundin kowa.

Mai goyon bayan gina cibiyoyi yana da hujja guda mai ƙarfi, kuma bai kamata a kauce mata ba: abin da ke ɓoye ba ya samun mai sa ido. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, a watan Oktoba kuma aka sake ganin irin haka a Daura, maƙwabciyar Kazaure. Waɗannan gidaje ba na halwa ba ne. Mai halwa da ƙafarsa yake shiga, sakatar ɗakin kuma ta ciki take. Amma sun nuna irin ɓarnar da rufaffiyar ƙofa ke iya haifarwa idan aka lulluɓe ta da sunan gyaran hali. Abin lura shi ne gidajen nan cibiyoyi ne sanannu, masu suna da adireshi, iyaye ne ma suke kai 'ya'yansu da kansu su biya. Ashe allo a bakin ƙofa ba ya tsare kowa. Abin da ke tsare mai halwar gargajiya shi ne ƙarancin kwanakin, da sanin da gari ya yi masa, da malamin da zai sha kunya a idon jama'a idan almajirinsa ya fito ba daidai ba.

Fitowa ba daidai ba kuwa tana faruwa. Hausawa suna da labaran wanda ya shiga halwa ba izini, ko ya ja wuridin da ya fi ƙarfinsa, ya fito yana sambatu. An saba jefa irin waɗannan labarai cikin kwandon camfi. Amma a 2017 Jared Lindahl da Willoughby Britton da abokan aikinsu na Jami'ar Brown sun wallafa bincike a kan Turawa masu bin tafarkin zuzzurfan tunani na addinin Buddha, inda suka tattara rahotannin firgita da rashin barci da rikicewar ji da gani, wasu har suka daɗe ba su koma aiki ba. Yunwa da rashin barci da kaɗaici da maimaita lafazi guda dubbai ba su san addinin mutum ba, jiki ɗaya suke taɓawa. Ke nan sharaɗin izini da leƙowar shehi ba ado ba ne, ilimin kiyaye lafiya ne da aka tara cikin ƙarnuka, aka adana shi da harshen addini. Garin Kazaure yana da asibitin masu taɓin hankali. Da wani sashen Hausa, na Jami'ar Bayero ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, zai haɗa ɗalibinsa da likitocin wurin da kuma muƙaddaman yankin, da an san alamomin da malami yake dubawa kafin ya ce wa muridi ya isa haka, fito, da kuma kalmomin da yake kiran su da su. Waɗannan kalmomi su ne dukiyar da ke salwanta duk lokacin da aka yi jana'izar wani dattijo.

Manazarcin da zai je sai ya yarda tun daga gida cewa ba komai za a faɗa masa ba. Asirai ba nasa ba ne, kuma wanda ya yi sallama a zaure da na'urar ɗaukar murya a hannu da takardar tambayoyi arba'in, gaisuwa kawai zai kwaso. Abin da ake iya tattarawa ba tare da keta sirrin kowa ba ya isa kundi da yawa. A wane lokaci na shekara ake shiga, kuma me ya sa ba a cika yi da damina ba? Mene ne bambancin halwa da uzula da riyala a bakin mutumin Achilafiya, ba a cikin littafin Larabci ba? Ina mata suke a cikin wannan tsari, tun da 'yan tarun Nana Asma'u sun nuna cewa matan karkara sun daɗe suna barin gida domin neman ilimi da albarka, kuma takabar wata huɗu da kwana goma ta sa mace ta san wani nau'in keɓewa da namiji bai sani ba? Sannan akwai lissafin tattalin arziki wanda ba a taɓa bugawa ba. Mutumin da ya rufe ɗaki kwana arba'in yana da iyali da dabbobi da bashi. Wani ne yake ɗaukar cefanen gidansa, wani yake ba akuyarsa dusa, wata take dama kunun da zai sha ruwa da shi, wani yaro yake ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa ya juya ba tare da ya yi magana ba. Cibiyoyin Goenka ma, a yi musu adalci, da gudummawar tsofaffin ɗalibai suke tafiya, ba da kuɗin shiga ba. Amma a ƙauyen Hausa gudummawar ba ta bi ta asusu, ta hannun mata da ƙanne da almajirai take bi, kuma ba a rubuta sunan kowa.

Daga Kano zuwa Achilafiya tafiya ce da ba ta wuce sa'o'i biyu a mota ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kai amfanin gona gida, sa'ad da malamai suka samu sararin zama a zaure. Ɗalibin da ya isa can ba sai ya fara da tambayar abin da mai halwa ya gani a cikin ɗaki ba. Ya fara da neman wadda ta dama kunun.